Kwandala Ta Mutu, Wa Zai Gaje Ta?

Kwanan baya muna zaune tare da wata ƙungiyar mata masu adashi a wani ƙauye kusa da Miga, ana ƙirga zubin mako. Da ma'ajiya ta juye tsohon gwangwanin da suke ajiya a ciki, sai ga waɗansu kuɗin ƙarfe guda bakwai sun zubo daga ƙarƙashi, uku na naira ɗaya, huɗu na naira biyu, duk sun yi baƙi. Ta tsince su, ta jujjuya su a tafin hannu, ta ce, "Malam, waɗannan mu sa su cikin littafi ne, ko mu ba yara su yi wasa?" Mata suka bushe da dariya. Mu ma mun yi dariya, amma tun daga ran nan tambayar ba ta bar mu ba.

Bisa ga doka, abin da ke hannun matar nan kuɗi ne. Babban Bankin Nijeriya ya fito da su ran 28 ga Fabrairu 2007, sa'ad da Charles Soludo yake shugabancin bankin: kwabo 50, da naira 1, da naira 2. Ba a soke su ba har wa yau. Dokar Babban Banki ta 2007 ma ta ce duk wanda ya ƙi karɓar naira ya yi laifi, ana iya cin sa tarar naira 50,000 ko a ɗaure shi wata shida. Amma ɗauki kwandalar naira ɗaya ka je kasuwar Gujungu ko ta Hadeja, ka miƙa wa mai ƙosai. In ta yi maka kirki, dariya kaɗai za ta yi maka. In da za a bi dokar nan sosai, babu gidan yarin da zai ishe mu, gama dukanmu masu laifi ne.

Saboda haka waɗansu ke cewa a janye ƙananan kuɗin ƙarfe gaba ɗaya, kowa ya huta. Ƙasashe da yawa sun yi haka. Ra'ayinmu shi ne, i, a janye su, gama sun riga sun mutu, ba a kuwa kwana da gawa cikin ɗaki. Amma kada a tsaya nan. Talakan ƙauye da ƙaramin kuɗi yake rayuwa, da shi yake saye, da shi yake sayarwa. In za a janye matacce, lalle a ran nan a ba shi wani mai rai a madadinsa. Bari mu nuna dalili.

ABIN DA KAKANNINMU SUKA GANI

Kalmar nan "kuɗi" da muke faɗa kullum, jam'in "wuri" ce. Kakanninmu da wuri suke ciniki. Sa'ad da Bature matafiyin nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan dala guda ta azurfa. Wuri yana da wahalar ƙirga, yana da wahalar ɗauka, mai sayen doki sai ya nemi jakuna su ɗaukar masa kuɗin. Amma yana da amfani guda wanda babu kuɗin da ya kai shi. Babu abin da ya yi ƙanƙanta har wuri ya kasa sayensa. Barkono uku, ɗan gishiri a ganye, ƙuli ɗaya, kowanne da kuɗinsa daidai.

Da Turawa suka ci ƙasa suka so kashe wuri, sai suka ga kwabonsu ya yi wa kasuwar ƙauye girma. Mace mai sayen daddawar wuri goma ba ta da abin yi da kwabo. Dole suka buga anini, watau kashi ɗaya cikin goma na kwabo, tun wajen 1907 da 1908. Tsofaffi sun san shi, mai huda a tsakiya, da tauraro, da rubutun Larabci, har ana zura shi a zare. Anini goma kwabo ne, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam. Fam guda ke nan anini 2,400. Tsakanin anini da fam kuwa ga ɗari, ga kwabo, ga toro, ga sisi, ga sule, ga fataka. Duk da haka wuri ya daɗe bai bar kasuwannin ƙauye ba. Abin lura a nan shi ne, ko masu mulkin mallaka, waɗanda ba jin tausayinmu ya kawo su ba, sun gane ba a raba mutane da ƙaramin kuɗinsu sai an ba su wani.

Ran 1 ga Janairu 1973 aka koma naira da kwabo. Fam ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Kuɗin ƙarfe iri biyar aka buga, rabin kwabo, da kwabo 1, da 5, da 10, da 25. Manomi kuwa in ya juya bayansu sai ya ga aikin hannunsa: auduga a rabin kwabo, koko a kwabo biyar, bishiyar manja a kwabo goma, gyaɗa a kwabo 25. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka mai da takardar kwabo 50 da ta naira ɗaya ƙarfe, aka fito da takardar naira 50. Mu da muka yi ƙuruciya bayan wannan, da kwandala ake sallamarmu zuwa makaranta, tana kuwa sayen ƙuli-ƙuli ko gullisuwa lokacin tara. A 2007 aka janye daga rabin kwabo har zuwa kwabo 25. Ba wanda ya yi kuka, gama an daɗe da mantawa da su.

Me ya kashe su? Ba ƙarfen ne ya lalace ba. Tsadar kaya ce ta cinye darajarsu. A 1973 dalar Amurka ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba, wajen kwabo 66 take. A 2024 ta wuce naira 1,500. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 farashin kaya ya hau da kashi 34.8 cikin ɗari a shekara guda. Inda kaya ke hawa haka, ƙaramin kuɗi ne ke fara nitsewa, kamar yadda ruwan kogi ke fara cin gonar da ta fi kusa da gaɓa.

TSANIN DA YA RASA MATAKAN ƘASA

Ku ɗauki kuɗin ƙasa kamar tsani. A 1973 matakin ƙasa rabin kwabo ne, na sama takardar naira 10. Na sama ya ninka na ƙasa sau 2,000. Yau na sama naira 1,000 ce, wadda aka fito da ita tun Oktoba 2005. Na ƙasa fa? A takarda kwabo 50 ne. Amma a kasuwanninmu, ƙaramin kuɗin da kowa ke karɓa ba gardama naira 50 ce. Murtala, watau naira 20, tana numfashi da kyar. Naira biyar da naira goma kuwa an soma yi musu irin kallon da aka yi wa kwandala. (A bayan takardar naira goma akwai hoton matan Fulani ɗauke da ƙoren nono. Je ka miƙa wa Bafillatana ita, ka ga ko za ta cika maka ludayi.) Daga naira 50 zuwa naira 1,000 ninki ashirin ne kawai. Tsanin da dā yake da matakai masu yawa, yanzu ya koma huɗu ko biyar, kowanne da nisa tsakaninsa da ɗan'uwansa.

Ga yadda abin ke cutarwa. A ce mai ƙosai tana sayar da guda ɗaya naira 50. Wake da mai suka ƙara kuɗi da kashi goma cikin ɗari. In da gaskiya za a bi, ƙosai ya zama naira 55. To, ina naira biyar ɗin? Hanya uku ke gabanta. Ko ta tsaya a 50 ta ci uwar kuɗi, ko ta tsallaka zuwa 100 masu saye su gudu, ko kuwa ta rage girman ƙosan. Mun san wadda take bi. Wata kuma sai ta ce uku naira 200, yaron da ya zo da hamsin ɗinsa ya koma hannu banza. Kada a zarge ta. Rashin ƙaramin kuɗi ne ya matsa mata.

Dubi ruwan leda. Mun san shi naira biyar. Daga nan sai goma, daga goma sai ashirin. Bai taɓa tsayawa a naira bakwai ko goma sha uku ba, domin babu kuɗin da za a biya hakan da shi. Haka kuɗin niƙa, haka kuɗin acaɓa, haka kuɗin fito a kwalekwale sa'ad da ruwa ya raba ƙauyuka da hanya. Kowanne in zai hau, tsalle yake yi. In ya yi tsallen kuwa ba ya saukowa, ko da man fetur ya sauka.

Sa'an nan ga maganar nan da muke ji kowace rana, "Babu canji." Ka sayi kayan naira 170, ka ba da 200. Sai a miƙo maka alewa, ko dunƙulen miya, ko a ce, "Ka biyo ni talatin." Alewa ba ta shiga asusu, ba a kuma kai ta wurin mai niƙa. Bashin talatin ɗin kuwa wa ke tunawa da shi? In ka tuna ka tambaya, a ce ka cika ƙwauro. Mun sha ganin maƙwabta biyu sun ɓata a kan canjin da bai kai a kai ƙara ba.

Manomi ta gefe biyu ake yankarsa. In ya zo saye, ana cika kuɗin zuwa sama. In ya zo sayarwa, ana datse shi zuwa ƙasa. A ce ya kawo riɗi kwano uku, an yi ciniki, kuɗi ya kama 7,050. Dillali ya ƙirga dubu bakwai ya ce, "Hamsin ɗin a bar mini." Matar da ta kawo ƙwai ko kuka ko busasshen zogale, haka ake yi mata, ita kuwa kunya ba ta barin ta yi musu da namiji a tsakiyar kasuwa.

Wani zai ce, mene ne naira ashirin ko talatin? To, a yi lissafi. Mai hali buhu yake saye da katan, sau ɗaya a wata, ya biya ta waya daidai wa daida. Talaka ƙulli-ƙulli yake saye, man miya da safe, gishiri da rana, omo da yamma. A ce gida ɗaya yana yin ƙananan saye sau biyar a yini, kowanne ana asarar naira 20. Naira 100 ke nan a rana. A shekara naira 36,500. Je ka tambayi kuɗin buhun taki, ko kuɗin irin shinkafa na kadada guda, ka gwada da wannan. Haraji ne wanda ba majalisar da ta zartar da shi, ba a ba da rasit, kuma wanda ya fi talauci shi ya fi biya.

Akwai wata asara kuma da ba ta shiga lissafi. Dā yaro yakan sami asusun ƙasa, yana jefa kwabo-kwabo, ran salla ko Kirsimeti a fasa a saya masa takalmi. Da haka yake koyon tanadi. Kuɗin Laraba na makarantar allo, sadakar makaho a bakin kasuwa, baikon yara ran Lahadi, duka da ƙaramin kuɗi ake yin su. Yanzu da ƙaramin ya zama hamsin, wanda dā yake ba mutum biyar, mutum ɗaya yake ba.

YADDA WAƊANSU SUKA YI

Masu cewa a janye sukan kawo misalin ƙasashen waje, misalan kuwa gaskiya ne. Ingila ta janye rabin kwabonta a 1984. Indiya ta soke paisa 25 da abin da ke ƙasa da shi a ƙarshen Yuni 2011. Kanada ta daina rarraba santi ɗaya a Fabrairu 2013, domin buga kowanne yana cin fiye da santi ɗaya da rabi. Amurka ma ta buga santinta na ƙarshe a Nuwamba 2025, bayan kuɗin buga guda ɗaya ya kusa kai santi huɗu. Babu mai hankalin da zai ci gaba da kashe huɗu don ya sami ɗaya.

Amma a dubi yadda Kanada ta yi. Ba kuɗin kowane kaya aka cika ba, jimlar sayayya ce ake cikawa a ƙarshe. In jimla ta ƙare da ɗaya ko biyu, a sauko. In ta ƙare da uku ko huɗu, a hau zuwa biyar. Yau mai kanti ya ci, gobe mai saye ya ci, a ƙarshe a tashi kunnen doki. Wanda ya biya da kati kuwa daidai yake biya. Sa'an nan santi biyar ɗin da ya zama matakin ƙasa har yanzu ƙaramin abu ne ƙwarai in aka gwada da ladan aikin yini. Wanda ke da tsofaffin santi kuma ba a sa masa rana ba, duk sa'ad da ya kai banki za a karɓa. Watau sun cire matakin da ba a takawa, sun bar tsaninsu da ƙarfi. Namu kuwa matakai huɗu ko biyar ne suka ruɓe a jere.

Ba sai mun je nesa ba ma. Wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya ga 'yan'uwanmu na Nijar da sulallan sefa a aljihu. Da dala suke lissafi, watau sefa biyar. Dala biyar, dala goma, dala ashirin, duka ƙarfe ne, har akwai na sefa 500. Su ma suna kukan ƙarancin canji, sefa kuma tana da nata masu suka. Amma kuɗin ƙarfensu na da rai, domin darajar kuɗinsu ba ta narkewa da sauri kamar tamu. Hausawa ne kamarmu, aljihunsu irin namu ne. Ashe ba gaskiya ba ne cewa Bahaushe ba ya son kuɗin ƙarfe. Kuɗin da ba ya sayen kome ne ba ya so.

ABIN DA MUKE ROƘO

A janye kwabo 50 da naira 1 da naira 2. Takardar naira biyar ma a bar ta ta bi su sannu a hankali. Amma a buga naira 20 da 50 da 100 na ƙarfe, masu yawa, a tabbata sun iso kasuwannin ƙauye, ba su tsaya a Abuja da Legas ba. Naira goma kuwa a ci gaba da fito da ita muddin ana karɓarta.

Me ya sa ƙarfe? Mu mutanen fadama mun fi kowa sanin amsa. Kuɗinmu cikin ruwa yake yawo. Daga hannun masunci zuwa hannun mai banda, daga nan zuwa mai manja, zuwa mai yankan shinkafa da ke tsaye cikin ruwa har gwiwa. Takardar naira 100 ba ta daɗewa a irin wannan tafiya. Ta jiƙe, ta yage, a liƙe ta, wani ya ƙi karɓa, asara ta faɗa kan wanda ta ƙare a hannunsa. Na leda, waɗanda aka soma da naira 20 a 2007, aka bi da 5 da 10 da 50 a 2009, ba su jin ruwa, amma sukan koɗe har a rasa gane hoton da ke kansu. Ƙarfe kuwa yakan yi shekara ashirin ko fiye. Gara ba ta cinsa. A ambaliyar 2022, wadda ta ci gonaki da gidaje a Miga da Auyo da Kafin Hausa da sauran ƙasar kogin Hadeja, mun ga mutanen da ɗaki ya rushe a kan ɗan abin da suka ɓoye. Da ruwa ya janye aka tona, takardu sun zama kamar dusa.

Akwai masu ja da wannan magana, dalilansu kuwa ba na banza ba ne.

Na fari, sukan ce a Nijeriya duk kuɗin da aka mai da ƙarfe ya mutu ke nan. Ga 1991, ga 2007. Wannan tsoro ne ya taimaka wajen kashe shirin Agusta 2012, sa'ad da Babban Banki a ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya so fito da takardar naira 5,000, ya kuma mai da naira 5 da 10 da 20 ƙarfe. Jama'a suka yi ca, Majalisar Tarayya ta ƙi, Shugaba Goodluck Jonathan ya dakatar da shirin a watan Satumba. To, an bar naira biyar da goma a takarda. Sun tsira? Ga su nan suna mutuwa a takardar tasu. Abin da ya faru a 2007 shi ne, an mai da naira ɗaya sabon ƙarfe bayan ta riga ta daina sayen abin kirki. An kawo magani bayan an gama jana'iza, sai aka ce maganin ne ya kashe. Kuɗin da za a buga da ƙarfe, sai wanda yake da ƙarfinsa yanzu, wanda mai shayi ba zai iya ƙi ba.

Amma a nan dole mu faɗi gaskiya. In da an buga naira biyar ta ƙarfe a 2013, da yanzu tana ƙasan gwangwani tare da 'yan'uwanta. In kaya suka ci gaba da hawa kashi ashirin ko talatin cikin ɗari kowace shekara, naira hamsin ta ƙarfe ma ba za ta ga jikokinta ba. Gana ta share sifiri huɗu daga kuɗinta a Yuli 2007, ta dawo da ƙananan sulalla, amma ba a daɗe ba mafi ƙanƙantarsu ya daina tafiya a kasuwa. A nan gida Soludo ya kawo shirin share sifiri biyu a Agusta 2007, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tsai da shi. Ko da wace hanya aka bi, sai an kama linzamin tsadar kaya tukuna sabon kuɗi zai daɗe. Wannan ba dalili ba ne na barin mutane babu canji har ran da za a kama linzamin.

Na biyu, sukan ce maƙera da 'yan gwangwan za su narkar da su a yi zobba da awarwaro. Hakan na faruwa ne in ƙarfen ya fi kuɗin da aka rubuta a kansa daraja. Maganinsa a buga da ƙarfe mai araha, a kuma buga manya, ba naira ɗaya ba.

Na uku, sukan ce zamani ya wuce nan, kowa ya koma biya ta waya. Lalle masu POS sun yawaita, sun kuwa rage wa mutane tafiya. Mai sayar da shinkafa buhu ashirin ya fi samun kwanciyar rai in kuɗinsa ya shigo ta waya. Amma wa zai tura naira hamsin ta waya don daddawa? Tsohuwar da ke sayar da ita ba ta da waya. Mai wayar ma sai ya biya kuɗin caji, sai sabis ya samu, in zai cire kuɗi kuma sai an yanki lada. Babban Banki ya fito da kuɗin waya na gwamnati mai suna eNaira a Oktoba 2021. Ku tambaya a taronku, mutum nawa suka taɓa sayen wani abu da shi.

Saura yadda za a janye. A nan wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A Oktoba 2022 aka yi shelar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fito ran 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin su daina aiki ran 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mu da ruwa ya cinye mana damina, muna fama da noman rani don mu farfaɗo, sai ga shi babu kuɗin biyan masu dashe da masu ban ruwa. Mutumin Hantsu ko Zareku ko Tsakuwawa ya kwana a layi a Hadeja ko Dutse ya dawo babu kome. An aiko wakilai ƙauyuka su yi musanya, amma naira 10,000 ce iyaka ga mutum ɗaya. Mun ga an sayar da akuya da hatsi a wulaƙance ga duk wanda ke da tsaba a hannu. Sai ran 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardu su ci gaba da aiki, a Nuwamba na shekarar kuma ta ɗage wa'adin gaba ɗaya.

Kwandala ba ta kai ta jawo irin wannan wahala ba, gama ba wanda arzikinsa ke cikinta. Amma in aka zo kan naira 50 da 100, tilas a yi hattara. Doka ta ce in za a janye kuɗi sai an ba da isasshen lokaci, a kuma biya mutum cikakkiyar darajar abin da ya kawo. Roƙonmu shi ne kada a sa rana. Takarda da ƙarfe su yi tafiya tare, duk takardar da ta tsufa ta koma banki kada ta sake fitowa, har ta ƙare don kanta. Sababbin kuma a kawo su ran kasuwa, a ba masu shayi da masu niƙa da masu awo, gama su ne ke rarraba canji a ƙauye. A yi shela da Hausa da Fulatanci a rediyo, a gaya wa dagatai da masu unguwanni tun da wuri.

Ita kuwa ma'ajiya, mun ce ta rubuta naira 11 cikin littafi, gama dukiyar ƙungiya ce, ba a share ta da dariya. Muka ba ta takardar naira ashirin a madadinsu, ta ce ba ta da canjin tara. Kwandalolin muka kai wa wani malamin firamare. Littattafan lissafi har yanzu suna tambayar yara kwabo nawa ke cikin naira, alhali yawancinsu ba su taɓa riƙe kuɗin ƙarfe na ƙasarsu ba.

Wakilanmu da ke Majalisar Tarayya ba za su ji wannan magana da nauyi ba sai an kai musu lissafi. Don haka muna roƙon kowace ƙungiyar manoma da ta mata ta zaɓi gidaje biyar. Har mako guda, a sa wani ɗan makaranta a gidan ya riƙa rubuta duk sayen da aka yi aka rasa canji: abin da aka saya, nawa ya kama, nawa aka bayar, da abin da aka karɓa a madadin canjin, ko alewa ce, ko bashi, ko babu. A rubuta na sayarwa ma daban. Sakatare ya tara takardun ya ba malamin gona da ke zagaya ƙauyenku kafin taron wata mai zuwa. Za mu haɗa su, mu buga abin da ya fito a wannan shafi, ƙauye bayan ƙauye.